Fitilar "cek injin" da lambobin matsalar mota: Abin da suke nufi da yadda ake bin diddiginsu

A galibin motocin da ke zirga-zirga a titunan Najeriya akwai wata 'yar fitila mai launin ruwan lemo, mai siffar injin, a jikin allon da ke gaban direba. Direbobi da makanikai sun fi saninta da sunan "cek injin". Idan ta kama ta ƙi mutuwa, masu motoci kan kasu gida biyu. Wasu su kau da kai su ci gaba da tuƙi wata da watanni. Wasu kuma su garzaya gareji a jona wa motar na'urar bincike, a karanto wata lamba kamar P0171 ko P0420, nan take a tura yaro kasuwa ya sayo abin da ake zaton lambar ta ambata.

Duka hanyoyin biyu na jawo asara, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da kuma faɗuwar darajar naira, waɗanda suka sa mai da kayan gyaran mota suka yi tsada. Wanda ya yi biris da fitilar yana iya ƙona mai fiye da kima, ko ya bar ƙaramar matsala ta haifi babba. Wanda ya sayi kaya bisa lamba kawai yana iya canza abin da lafiyarsa ƙalau, bayan kwana biyu fitilar ta dawo.

Dalili kuwa shi ne, lambar tana bayyana gwajin da motar ta faɗi ne kawai. Kamar ma'aunin zafin jiki take a hannun ma'aikacin lafiya: yana tabbatar da akwai zazzaɓi, amma sai an yi gwajin jini ake sanin na cizon sauro ne ko taifot.

Asalin tsarin

Ana kiran tsarin da suna OBD a taƙaice, ma'anarsa ita ce mota ta riƙa binciken lafiyar kanta da kanta. Ya samo asali daga yaƙi da gurɓatar iska a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda a ƙarshen shekarun 1980 hukumar kula da tsabtar iska ta jihar ta fara tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su sanya shi. A wancan zamani kowane kamfani yana da irin soket ɗinsa da irin lambobinsa, don haka na'urar da ke karanta motar wani kamfani ba ta karanta ta wani.

An daidaita al'amarin da zuwan tsari na biyu, wato OBD-II, wanda ya zama dole a kan dukkan ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka daga ƙirar 1996. Tarayyar Turai ta bi sahu da nata makamancin tsarin, ga motoci masu amfani da fetur daga 2001, ga masu dizal kuma daga 2004. Da yake yawancin motocin hannu da ake shigowa da su Najeriya ta tashoshin Apapa da Tin Can, ko ta Kwatano, daga Amurka da Kanada da Turai suke fitowa, kusan dukkansu suna ɗauke da shi.

Soket ɗin yana da ramuka 16, kuma yawanci yana ƙarƙashin sitiyari, kusa da gwiwar direba. Nan ake jona na'urar binciken, wadda makanikai ke kira sikana. Akwai manya na masu sana'a, akwai kuma ƙanana masu araha da ke aika bayani zuwa wayar salula.

Sanin wannan asali yana da amfani, domin yana nuna iyakar tsarin. An ƙirƙire shi ne don sa ido kan duk abin da zai ƙara dattin hayaƙin mota. Saboda haka yana lura sosai da mai da iska da wuta da zafin injin, amma bai san an cinye takalmin burki ko taya ta suɗe ba. Rashin kamawar fitilar ba shaida ba ce ta cewa komai na motar lafiya yake.

Yadda kwamfutar mota ke yanke hukunci

A cikin kowace mota ta zamani akwai kwamfuta, wadda a gareji ake kira birenbos. Tana karɓar bayanai daga ƙananan na'urorin awo da ake kira sensa. Akwai sensa mai auna yawan iskar da ke shiga injin, da mai auna zafin ruwa, da mai lura da juyawar injin, da kuma masu auna iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi. Da waɗannan bayanai kwamfutar ke lissafa yawan man da za ta fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Yayin da mota ke tafiya, kwamfutar tana gwada abin da take gani da abin da ya kamata ta gani. Idan bambancin ya wuce iyakar da kamfani ya gindaya, sai ta rubuta lamba. A kan matsaloli da dama ba ta kunna fitila a karon farko. Tana ajiye lambar a matsayin mai jiran tabbaci, sai idan ta sake ganin matsalar a tafiya ta gaba sannan ta tabbatar da ita ta kunna fitila. Idan kuma aka yi tafiya uku a jere ba ta sake ganin matsalar ba, tana kashe fitilar da kanta, amma lambar takan zauna a ma'adanarta har sai injin ya yi zafi ya huce kamar sau 40. Wannan ya sa ko da fitila ta mutu da kanta, sikana na iya nuna abin da ya faru.

A daidai lokacin da ta rubuta lamba, kwamfutar tana adana hoton yanayin da injin ke ciki: gudun mota, yawan juyawar injin, zafin ruwa, da nauyin da injin ke ɗauke da shi. Wannan hoto shi ne shaida mafi daraja ga mai bincike, domin matsalar da ta bayyana da sassafe injin na sanyi yana silo daban take da wadda ta bayyana ana gudun kilomita 100 a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko da lambarsu ɗaya ce.

Yadda ake karanta lambar

Kowace lamba tana da gurbi biyar. Na farko harafi ne. P na nufin injin da giya. B na nufin jikin mota, kamar jakar iska ta kariya da na'urar sanyaya ciki. C na nufin ƙasan mota, kamar burkin ABS. U kuma na nufin sadarwa tsakanin kwamfutocin motar.

Gurbi na biyu yana nuna ko lambar ta kowa ce ko ta kamfani. Idan P0 ce, ma'anarta ɗaya a kowace mota. Idan P1 ce, kamfani ne ya ƙirƙire ta, don haka lamba guda na iya nufin wani abu a Toyota, ta nufi wani daban a Honda ko Peugeot. Neman ma'anar irin wannan lamba a intanet ba tare da haɗawa da sunan mota da shekarar ƙirarta ba yana kai mutum ga ɓata.

Gurbi na uku yana nuna sashe: 1 da 2 na mai da iska ne, 3 na wuta da ƙonewar mai, 4 na na'urorin tace hayaƙi, 5 na gudu da silo, 6 na kwamfuta, 7 da 8 na giya. Biyun ƙarshe su ke fayyace matsalar. Misali, P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata, P0302 silinda ta biyu, P0300 kuma na nufin matsalar na yawo tsakanin silindoji.

Tsayayyiyar fitila da mai ƙiftawa

Kafin a kai ga sikana, yanayin fitilar kansa saƙo ne. Idan ta kama ta tsaya cak, kuma mota na tafiya daidai, ba ta rawa, zafinta bai hau ba, ana iya ƙarasawa gida a kai ta bincike cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa tana ƙiftawa, tana kamawa tana mutuwa, wannan gargaɗi ne cewa injin na fashin ƙona mai sosai, har ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa. Abin yi shi ne a sassauta totur, a nemi wuri mai aminci a tsaya.

Kada kuma a haɗa ta da jajayen fitilun baƙin mai da na zafin injin. Waɗannan ba sa jira: idan ɗayansu ta kama ana tafiya, a tsaya a kashe injin nan take.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne a rubuta dukkan lambobin da sikana ta nuna, tabbatattu da masu jiran tabbaci, tare da hoton yanayin da aka ambata a sama, kafin a share komai. Share lamba tun ba a rubuta ta ba daidai yake da goge sawun ɓarawo kafin masu bin sawu su iso.

Na biyu, a duba batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan injin na kashe, kuma tsakanin 13.5 zuwa 14.5 idan injin na aiki. Raunin batir, ko sakwarkwacewar kansa, ko tsatsa a wayar da ke haɗe da jikin mota, na iya haifar da tarin lambobi marasa alaƙa da juna, musamman masu farawa da U. Ganin lambobi goma a lokaci guda yakan nuna matsalar wuta ɗaya, da wuya ya zama abubuwa goma ne suka lalace a rana ɗaya.

Na uku, a duba da ido da hannu. Tiyon iska da ya tsage, soket ɗin sensa da bai shiga sosai ba, waya da ɓera ya ci ko zafin salansa ya narkar, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, duk ana ganinsu ba tare da kashe ko kwabo ba. Lambobin P0455 da P0456, waɗanda ke nuna tururin fetur na zurarewa, sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure sosai ba bayan an sha mai, ko robarsa ta bushe.

Na huɗu, a tambayi mai mota abin da ya faru kafin fitilar ta kama. An wanke injin da ruwa mai ƙarfi? An ratsa ambaliya? An canza batir ko an yi wani gyara? An sha mai a wurin da ba a saba ba? Ingancin mai ba ƙaramin batu ba ne: a watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa bayan masu motoci sun koka.

Na biyar, a kalli bayanan da sensoci ke bayarwa kai tsaye yayin da injin ke aiki, sannan a gwada abin da ake zargi kafin a saye sabo. Na ƙarshe, bayan gyara a share lambar, a tuƙa motar a irin yanayin da matsalar ta bayyana, a sake jona sikana don tabbatarwa.

Misali na farko: P0171

Injin fetur yana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. P0171 na nufin kwamfuta ta ga iska ta rinjayi mai, ta yi ta ƙara mai don cike giɓin har ta kai iyakarta. Sensar oksijin ce ke kai wannan rahoto, shi ya sa da yawa ke gaggawar canza ta. A mafi yawan lokuta gaskiya ta faɗa, matsalar na wani wuri.

Abubuwan da ke kawo hakan sun haɗa da iskar da ke satar hanya ta tsagaggen tiyo ko gasket, datti a kan sensar auna iska, raunin famfon mai, toshewar matatar mai ko nozul, da ɓulewar salansa kafin wurin sensa.

Sikana tana nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, a lissafin kashi cikin ɗari. A lafiyayyen injin adadin ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Idan adadin ya yi sama sosai a silo, amma ya sauko da aka taka totur injin ya kai juyi 2,500 a minti, alama ce ta iska mai satar hanya, domin 'yar iskar da ke shiga ta tsaga tana da tasiri ne lokacin da injin ke shaƙar iska kaɗan. Idan kuwa adadin daidai yake a silo amma yana hawa yayin da aka ba mota wuta, zargi na komawa kan famfon mai ko sensar auna iska. Gwajin na mintuna kaɗan ne, kuma shi ke raba mai mota da sayen abin da ba ya buƙata.

Misali na biyu: P0301

Wannan ita ce matsalar da makanikai ke kira misin. Silinda na buƙatar wuta da mai da matsin iska kafin ta yi aiki, don haka a nan ake neman laifin. A motocin da kowace silinda ke da koyil nata, akwai gwaji mai sauƙi: a ɗauke koyil na silinda ta ɗaya a musanya shi da na ta biyu, a share lamba, a tayar da mota. Idan lambar ta koma P0302, matsalar ta bi koyil, shi ne ya lalace. Idan ta tsaya a P0301, sai a musanya fulogi, sannan nozul. Idan har yanzu tana nan, sai a auna matsin silindar, domin wataƙila bawul ya ƙone, ko zoben fistin ya cinye, ko gasket ɗin kan injin ya fashe. Ta wannan hanya ana canza koyil ɗaya maimakon huɗu.

Lambobin da wasu al'adun gyara ke haifarwa

A cikin salansa akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda a kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, Apo a Abuja, Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano aka fi sani da "indomi". Tana ɗauke da ma'adanai masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake sace ta, ko a fasa a kwashe cikinta. Sensa ɗaya na gabanta, ɗaya na bayanta, kuma kwamfuta na kwatanta rahotonsu. Idan na baya ya yi kama da na gaba, tukunyar ba ta tace komai, sai a sami P0420.

Lambar na iya nufin an cire tukunyar, ko ta tsufa, ko salansa ya ɓule, ko sensar baya ta gaji. Amma tukunyar ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Misin da aka daɗe ba a gyara ba yana tura mata ɗanyen fetur ya ƙone a cikinta har ta narke, haka ma injin mai shan baƙin mai yana toshe ta. Wanda ya sayi sabuwa bai gyara abin da ya kashe tsohuwar ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Saboda haka idan P0420 ta fito tare da lambar misin ko ta mai da iska, da waɗancan ake farawa.

Wata al'adar ita ce cire tamostat, bisa tunanin cewa an yi shi ne don ƙasashe masu sanyi. Aikinsa shi ne riƙe ruwa a cikin injin har ya kai zafin da aka tsara masa, kimanin digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Idan babu shi, injin kan jima bai kai wannan zafi ba, musamman da safiyar hunturu ko a kan doguwar hanya. Kwamfuta kan ci gaba da fesa mai da yawa kamar yadda take yi wa injin mai sanyi, sannan ta rubuta P0128. Motar da ke zafi fiye da kima tana da wata matsala, a lagireto ko fanka ko famfon ruwa, kuma can ya kamata a nema.

Share lamba da sayen motar hannu

Share lamba da sikana, ko cire kan batir, yana kashe fitila amma matsalar tana nan. Yana kuma goge sakamakon gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta, waɗanda ke buƙatar tafiye-tafiye da dama kafin su sake kammaluwa. A motocin Amurka daga wajajen ƙirar 2010 akwai ma lambobin dindindin da sikana ba ta iya gogewa, sai kwamfutar ta tabbatar da kanta cewa an gyara.

Wannan na da amfani ga mai shirin sayen motar hannu. Idan aka murɗa makulli ba a tayar da injin ba, dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta. Idan kuma sikana ta nuna babu lamba ko ɗaya, amma gwaje-gwajen kwamfuta da dama ba su kammalu ba, alama ce ta cewa ba a daɗe da share lambobi ko cire batir ba. Motoci da yawa na nuna ma yawan kilomitocin da aka yi tun bayan sharewar. Haka nan, ƙananan sikanoni masu araha galibi lambobin injin kawai suke karantawa, ba sa shiga sashen burkin ABS da jakar iska, don haka mai saye na buƙatar babbar na'ura.

Abin da mai mota zai nema a gareji

Ba sai mai mota ya zama bakanike ba kafin ya kare aljihunsa. Ya nemi a nuna masa lambar ya rubuta ko ya ɗauki hotonta da waya. Ya tambayi wane gwaji aka yi da ya tabbatar da cewa abin da za a canza shi ne ya lalace. Ya karɓi tsohon kayan da aka cire, ya kuma amince da bakaniken cewa za a sake jona sikana bayan an yi 'yan kwanaki ana tuƙi. Kuɗin bincike daban ne da kuɗin gyara, kuma bakaniken da ya ɗauki sa'a guda yana aunawa kafin ya ce a sayo kaya ya cancanci a biya shi ladan wannan sa'ar.